Tambaya da Amsa: Gidan Nasif da ginin tsohuwar Jidda

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina neman tarihin Gidan Nasif da ke Balad, wato tsohuwar unguwar Jidda. Sannan tsohon gidan da muke ciki a can shafensa yana ɓarewa, magini ya ce a shafe da siminti. Ya dace? Daga mai karatu a Jidda.

Amsa: Malam, an gina Gidan Nasif tsakanin 1872 da 1881 domin Umar Nasif, wakilin Sharifin Makka a Jidda. A nan Sarki Abdul'aziz ya sauka da ya shiga garin a 1925. Bishiyar dogonyaro da ke ƙofarsa ta sa ake ce masa gida mai bishiya.

Abin da ya tsayar da shi har yau shi ne kayan gininsa, kuma irinsu ne a gidanku. Dutsen murjani ne, wanda mutanen Jidda ke kira mangabi, ga shi marar nauyi, ga shan ruwa. Kusan kowace mita ɗaya ana shimfiɗa katako a cikin bango, wanda ake kira takalil, don ya raba nauyi ya hana tsagewa. A waje kuma a shafe da nura, wato farar ƙasa, wadda ke barin danshi ya fita.

Don haka kada ku yarda da siminti. Yana tsare danshi da gishiri a ciki, dutsen ya riƙa rugurgujewa a bayan shafe, katakon ya ruɓe, gara ta samu abinci. Daga waje bango zai yi kyau shekara da shekaru alhali cikinsa ya lalace.

A fara neman inda ruwa ke shiga: bututu mai yoyo, ɗigon na'urar sanyaya ɗaki, indararon da ya toshe. A kankare shafen da ya saki, a bar bango ya bushe, a soka ƙusa a takalil a ji ko sun yi laushi. Sai a kwaɓa awo ɗaya na jiƙaƙƙiyar nura da awo uku na wankakken yashi, ba yashin bakin teku ba, don gishiri ne da shi. A yayyafa wa bango ruwa, a shafa sirara-sirara, kamar santimita ɗaya, kowane ya kama kafin na gaba, a kuma kare shi daga rana.

Tun 2014 Balad na cikin wuraren tarihi na UNESCO, saboda haka mai gida ya nemi izinin hukuma kafin a taɓa bangon.