Ƙofar kantina tana buɗe wa duk mai wucewa: sabuwar sensa zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da kantin magani a kan titin Ahmadu Bello a Kaduna, na sa ƙofar gilashi mai buɗe kanta. Duk wanda ya gifta ta gaban kanti sai ta buɗe, sanyin esi yana ta zurarewa, ni kuwa da dizal nake kunna shi. Kwanan baya kuma wata tsohuwa ta tsaya a bakin ƙofar tana gyara mayafi, sai ƙofar ta taho za ta matse ta. Wanda ya haɗa mini ya ce sai na sayi sensa mai kyamara. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka yi gaggawar fitar da kuɗi tukuna. Matsala biyu ka kawo, kuma kowace da maganinta.

Ɗan akwatin nan da ke saman ƙofarka, wato sensa, mafi yawa rada ce a cikinsa. Tana watsa siginar rediyo, galibi a kan gigahaz 24, siginar ta bugi abin da ke gabanta ta dawo. Idan abin yana motsi, siginar da ta dawo takan ɗan bambanta da wadda ta fita, wannan bambancin ne ke sa ƙofa ta buɗe. Christian Doppler, wani masani ɗan Ostiriya, shi ya bayyana wannan ka'ida tun 1842, kuma da ita ake auna gudun mota a kan titi. To ka ga inda gizo ke saƙa: rada motsi kawai ta sani. Mai tallan goro da ya wuce, ta gan shi. Tsohuwar da ta tsaya cik, a wurin rada babu kowa a wajen.

Saboda haka maganar tsohuwar ita ce mafi muhimmanci. Ƙofar kirki tana da ido na biyu mai aiki da hasken infared (hasken da idon mutum ba ya gani), wanda yake zubo haske daga sama zuwa dokin ƙofa, ciki da waje, yana auna abin da ya dawo daga daɓe. Ko mutum bai motsa ba, ko jaka aka ajiye, ƙofar ba za ta rufe ba. A Turai ƙa'idar EN 16005 ta 2012 ta wajabta irin wannan kariya a ƙofofin da jama'a ke bi. Da yawa daga cikin masu haɗawa a nan sukan sa rada kaɗai don farashi ya sauko, wasu kuma su ƙara ɗan haske guda a ƙasa daidai ƙwauri, wanda mutum zai iya tsayawa a gefensa bai tare shi ba. Kantin magani wuri ne na tsofaffi da marasa lafiya da mata masu goyo. In babu wannan ido a ƙofarka, shi za ka fara saya, kafin nan kuwa gara ka bar ƙofar a buɗe lokacin cunkoso.

Batun masu wucewa kuma sau da yawa saiti ne. Ka ce wa mai haɗawar ya karkato da radar ƙasa, ya rage faɗin wurin da take gani, ya rage tsawon lokacin da ƙofa ke zama a buɗe. Sababbin sensa na kamfanoni irin su BEA na Beljiyam da Optex na Japan suna bambanta mai tahowa da mai tafiya, suna kuma iya ƙyale wanda ya ratsa ta gefe. Wata ƙila taka ma tana da wannan, ba a kunna ba ne kawai. Akwai kuma wadda aka haɗa rada da infared a akwati guda, ita nake ba masu kanti irin naka shawara a kai.

Ita mai kyamarar ba ƙarya ba ce. Tana lura da gudun mutum da inda ya dosa, ta buɗe da wuri ga mai sauri, ta ƙi buɗe wa wanda ya tsaya hira. A filin jirgi ko babban asibiti tana da amfani. A ƙofa guda ta kanti, ni ban ga abin da za ta ƙara maka da ya kai kuɗinta ba, ga kuma wahalar samun mai gyara in ta lalace.

Sannan ga yanayinmu. Ƙurar hunturu tana rufe fuskar infared, don haka a riƙa goge ta da tsumma mai laushi, kada a sa fetur ko sabulu mai ƙarfi. Da damina ruwan da iska ke kaɗowa yakan ruɗi rada, ƴar rumfa a sama tana maganin wannan. Ka kuma guji sensar da ke dogaro da ɗumin jiki kaɗai, domin a zafin Maris da Afrilu, lokacin da daɓe da bango suka yi zafi kusan kamar jikin mutum, ganinta yakan ragu. Fanka, labule mai kaɗawa ko allon talla da ke lilo kusa da ƙofa duk suna sa ta buɗe babu kowa.

Wutar lantarki ma ka duba ta. Sauyawa daga layi zuwa janareta yana iya ƙona allon lantarkin da ke sarrafa ƙofa, saboda haka a sa mata sitabilaiza, a kuma tabbatar batirinta na iya buɗe ta idan an ɗauke wuta. Bayan an gama saiti, kafin ka biya, ka gwada da kanka: ka tsaya a tsakiyar ƙofar ba motsi na kusan rabin minti, sannan ka ajiye kwali mai tsayin ƙaramin yaro a wurin, ta ciki da ta waje. In ta taho ko sau ɗaya, mai haɗawa bai gama aikinsa ba.