Amsa: Littattafan koyar da ɗan shekara 5 a gida

'Yar'uwa, kin tambaya waɗanne littattafai za ki saya don koyar da ɗanki mai shekara 5 a gida bisa tarbiyyar Kirista. Kada ki tara da yawa. Littafin labarun Littafi Mai Tsarki mai manyan hotuna, littafin haruffa guda, da allo da alli sun wadatar. Ƙirga kuwa, da wake ko murafen kwalba ake koyonta.

Sai dai ki buɗe littafin kafin ki biya kuɗi. Na gani a kan nawa yaran, in labarin Nuhu ko Dauda da Goliyat ya yi tsawo, kafin ki kai rabi sun miƙe. Ki nemi mai gajerun labarai, da harshen da kuke yi a gida.