Filin Tambayoyinku: Wane Akwati Ya Dace Da Baka Da Kibau A Hanya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Yarona ɗan shekara 16 ya shiga wasan harbin kibiya, kawunsa ya aiko masa da baka daga Ingila, irin wanda ake kwancewa gida uku. Yakan je Abuja atisaye a motar haya, kuma a kwalin da bakan ya zo yake ɗaure shi. Kwalin ya fara yagewa, har wasu kibau sun tsage. Kawun ya ce mu zaɓa, jaka ko akwati, zai saya ya aiko. Wanne ya fi?
Daga mai karatu a Gangare, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya raya yaro, ya saka wa kawunsa da alheri.

Kafin ku zauna kallon hotunan akwatuna a waya, ka tambayi yaron abu ɗaya: idan ya isa tasha, kayan a cinyarsa suke zama ko a but ake sa su? Amsar da ya ba ka ita ce za ta raba gardama. Jakar goyo mai soso, irin ta Easton ko Avalon ko Legend, an ɗinka ta ne don wanda zai goya ta daga gida zuwa fili, ko ya kwantar da ita a kujerar bayan motar gidansu. Tana tare gogewa da ɗan bugu, amma in aka ɗora mata nauyi ba ta da ta cewa. Kai kuma ka fi ni sanin yadda ake lodi a Jos. Ba mai tafiya Abuja hannu rabbana: ga buhun dankalin Turawa, ga kabeji, ga kwandon tumatir, sannan ɗan kamasho ya sa gwiwa ya danna murfin but ya ɗaure da igiya. Daga nan a gangara Hawan Kibo ana taka birki kaya na zamewa kan juna, a bi ta Akwanga da Keffi, awa huɗu zuwa biyar. Kayan da za su bar hannun mai su a irin wannan tafiya, akwati mai tauri suke so.

Mutane sun fi jin tsoron mariƙin bakan saboda shi ya fi tsada a ido, alhali shi ne mai juriya, galibi alminiyom ne. Masu rauni su ne fikafikan nan biyu masu lanƙwasa da ake ɗaurawa sama da ƙasan mariƙi, da saiti, wato abin auna bara, da kibau. Fikafikan sala-sala ake haɗa su da gam, itace ko soso a tsakiya, zaren gilashi ko kabon a waje. In nauyi ya daɗe a kansu a karkace sai su murɗe, kuma fiffiken da ya murɗe tsirkiya ba ta ƙara zama a tsakiyarsa. Saiti kuwa sandarsa siririya ce, ɗan lanƙwasa kaɗan ya isa. Yaron da ke fatan wata rana ya tsaya a mita 70, nisan da ake harbi a gasar Olamfik, ba zai yarda saitinsa ya goce ko da faɗin farce ba, don abin da ya goce kaɗan a hannu, a allon bara taku guda ne.

Kada kawu ya sayi komai sai kun auna. Mariƙi na manya inci 25 ne, wato kusan santimita 64, amma ba shi ne ya fi tsawo a cikin kayan ba. Kibau da doguwar sandar daidaito, wadda ake ɗaurawa a gaban baka don rage girgiza, sukan kai inci 30 ko su ɗara. A shimfiɗa komai a tabarma, a ɗauki tef ɗin tela a auna mafi tsawo, a ƙara inci biyu, sannan a aika wa kawu. A gaya masa tsawon ciki ake nufi, don masu talla sun fi son rubuta na waje.

In akwati ya iso, ga gwajin da nake sa 'yan wasa su yi. A jera kaya, a rufe, a ɗaga shi a jijjiga kusa da kunne. In ka ji ƙwal-ƙwal, da sauran aiki. Yawancin ɓarnar da nake gani ba daga waje take zuwa ba, kayan ne ke dukan junansu a ciki: kan noti ya kankare fiffike, makullin kwance ƙusa ya yi yawo ya fasa gilashin saiti. Kowane abu ya sami gurbinsa a soso, fikafikai a cikin rigunansu, ƙananan ƙarafa a 'yar jaka mai zif. Sannan a duba maƙallan murfin da hannun ɗauka, don nan akwatunan araha ke fara mutuwa, a kuma duba ko akwai zoben roba a bakin murfi. Ƙurar hunturu ba ta neman izini, kuma in ta haɗu da kakin tsirkiya sai ta riƙa cin zaren a hankali.

Kibau kuma a ba su ɗakinsu daban. Akwai bututun kibau na sayarwa, amma wannan kada ku wahalar da kawu. Fayif ɗin ruwa mai faɗin inci 4 daga wurin masu kayan famfo, da murfi biyu, da soso da aka yanka zagaye aka huda masa ramuka don kada gashin kibau ya matse, shi ke nan. Waɗanda suka tsage ɗin nan kuwa, Alhaji, don Allah a karya su a zubar yau. Kibiyar kabon mai tsaga tana iya fashewa lokacin saki ta shige hannun da ke riƙe da baka. Sauran ma yaron ya riƙa lanƙwasa kowace kaɗan yana juya ta yana saurare, in ta yi ƙara, ta gama aiki.

Ban ce a sayi mafi girma ba. Manyan akwatunan kamfanonin SKB da Pelican ƙarfi gare su matuƙa, amma wasunsu sun kai kilo 9 ko 10 babu komai a ciki, kuma yaro ne zai ja shi daga tasha zuwa fili. Matsakaici na roba mai tauri, wanda aka yi don baka mai kwancewa, ya ishe shi. In kuɗin aikowa da na kwastan sun fi ƙarfin aljihu, kafintocin Katako za su iya haɗa masa na filawud mara kauri. Sai dai a guji soson katifa, yana shan ruwa ya riƙe. A nemi mai tauri irin wanda ake yin silifas da shi.

Akwai kuma abin da kawu a Ingila ba zai kawo a ransa ba. Dogon baƙin akwati mai maƙallai, a idon jami'in da ke shingen bincike, akwatin bindiga ne har sai an buɗe. In da zaɓi, a ɗauki wata kala, a liƙa masa hotunan wasan a jiki. Katin shaidar ƙungiyar yaron da takardar kocinsa su zauna a cikin murfi, inda ido zai fara sauka. In an tsayar da su, ya sauko da ladabi ya buɗe da kansa. Kuma in sun isa, kada ya bar akwatin a rufaffiyar mota. Ɗan Jos ya saba da sanyin tudu, bai san ranar Abuja ta watan Maris ba, wadda ke iya kai cikin mota sama da digiri 60. Wannan zafi yana sassauta gam ɗin fikafikai, kuma babu akwatin da ke hana shi shiga.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Nawa bakan mai tayoyi ne, kuma an gayyace mu gasa a ƙasar waje. Jakata mai laushi ce amma sosonta na da kauri. Zan iya ba da ita a jirgi in na sa an naɗe ta da leda a filin jirgi?
Daga wata 'yar wasa a Gwarimpa, Abuja.

Amsa: Barka kadai 'yar'uwa, Allah ya ba da sa'a. Kun shigo a kan gaɓa, tunda an amince da irin bakanku a gasar Olamfik ta Los Angeles a 2028, a rukunin mace da namiji.

Leda tana hana datti da hannun ɓera, ba ta hana karyewa. Naki ma ya fi na yaron Gangare haɗari, don shi yana kwance nasa, ke kuwa ba ki iya sauke tsirkiya sai da injin matse baka, a ɗane zai yi tafiyar. Tayoyin nan biyu suna can a ƙarshen fikafikai, daidai inda jaka ke fara dukan ƙasa in aka jefa ta. Gefen taya ya lotsa, tsirkiya na iya zamewa a ja na farko. Ki nemi mai tauri, ko aro ne, mai ɗaurin da ke riƙe mariƙi a tsakiya yadda tayoyin ba za su taɓa bango ba. Ki cike gurabe da kayan sawarki, kin rage wa ɗaya jakar nauyi ke nan.

Baka da kibau ba sa shiga cikin jirgi a hannu, sai wurin kaya. Yawancin jiragen ƙetare suna ba da kilo 23 ga jaka ɗaya, kuma tsawo da faɗi da kauri in an haɗa kada su wuce santimita 158. Akwatunan irin bakanki da yawa sun wuce wannan awo. Wasu kamfanoni na karɓa a matsayin kayan wasanni, wasu na cajin kuɗi, saboda haka ki tambaya tun kafin ki yanki tikiti, ki sa su ba ki amsa a rubuce ki nuna a filin jirgin Nnamdi Azikiwe. In za ki bi ta Amurka, ki sa kwaɗo mai alamar TSA, hukumar da ke binciken kaya a filayen jiragensu, in ba haka ba su yanke naki in sun so dubawa. Ki ɗauki hoton kayan kafin ki rufe, in kin sauka kuma ki buɗe tun ba ki bar wurin karɓar kaya ba, don ƙorafin da aka kai bayan an isa masauki da wuya a saurare shi.

Tambaya: Tun bayan damina jakar bakana take wari, notuna kuma sun fara tsatsa. Mene ne magani?
Daga mai karatu a Bukur.

Amsa: A jiƙe ka rufe ta, ɗan'uwa. Fitar da komai, ka buɗe ta a inuwa mai iska har soson ya bushe ƙamas, ba a rana ba. Goge notunan da ɗan man keken ɗinki, amma kada man ya taɓa tsirkiya, ita kakinta daban. Ƙananan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ke zuwa a kwalin takalma, tara su ka zuba a ciki. In soson ya riga ya yi baƙin fumfuna, cire shi ka sa sabo.