Amsa ga yarona a kan gwajin ƙwaya a fitsarin ɗaurarru

Ɗana, jiya muna rufe lab ka tambaye ni: "Maigida, tsinken gwajin nan minti biyar yake ba da amsa. Me ya sa duk ranar gwaji sai mun kashe guda biyu a kan kwantirol, wato gwada lafiyar tsinken kansa, kuma kwalba ɗaya sai mutum uku sun sa mata hannu?" Magariba ta kawo jiki, ban ba ka amsa yadda ta kamata ba, shi ya sa na zauna na rubuta maka.

Fara tuna mai fitsarin. Wanda ya zo asibiti da ƙafarsa, in bai yarda da sakamako ba, sai ya hau adaidaita ya je wani lab a sake masa. Wanda ke tsare ba shi da wannan damar. Ko a gidan yarin Kurmawa yake ko a na Goron Dutse, abin da ka rubuta shi zai shiga fayil ɗinsa, da shi za a iya hukunta shi, da shi gandirobobi za su riƙa kallonsa. Tun 2019 doka ta mayar da gidajen yari gidajen gyaran hali, kuma ni ban ga yadda za a gyara halin mutum da laifin da bai yi ba.

Tsinken nan bai san ƙwaya ba, siffarta kawai ya sani. Duk abin da ya yi kama da ita zai iya cafkewa, alhali kama da wane ba ta wane. Rifampicin, da ake ba masu tarin fuka, yana iya fitowa a layin dangin kodin. Haka ofloxacin da 'yan'uwansa. Efavirenz, na masu ƙanjamau, an san yana fitowa a wasu tsinkayen kamar tabar wiwi. Wasu magungunan mura ma sukan fito a layin amfetamin. To ka duba yadda tarin fuka yake yawa a inda mutane ke cunkushe a ɗaki ɗaya, ka ga yawan waɗanda za mu iya zalunta ba mu sani ba.

Ni na taɓa yi. Shekarun baya, ina sa'anka, aka kawo min fitsarin wani dattijo daga wani gida da ba zan faɗi sunansa ba. Fitsarin ja-ja-ja kamar ruwan lemo. Na gani da idona, ban tambayi maganin da yake sha ba. Tsinke ya nuna, na rubuta, na sa hannu. Mutumin ya rantse har ya gaji, ba wanda ya saurare shi, aka hana iyalinsa ganinsa. Sai da aka kai kwalba ta biyu ta fitsarin nasa babban lab aka ga babu komai. Maganin tarin fuka ne, shi ne kuma ya rina fitsarin. Ban sami ganinsa na nemi gafara ba, kuma har yau abin yana cina. Daga ranar ban sake tsoma tsinke ba sai na ga katin asibitin mutum na rubuta duk abin da ake ba shi.

Shi ya sa a littafinmu ba ma rubuta "ya sha". Abin da tsinke ya nuna zargi ne, sai na'urar GC-MS ta tabbatar, domin ita tana rarrabe sinadarin ne ta kira shi da sunansa. Ma'auninsu ma daban: na wiwi, tsinke yakan kama daga nanogiram 50 a kowane mililita, ita kuwa na'urar daga 15.

Wiwi ɗin ma sai ka yi hattara da ita. Yawancin ƙwayoyi kwana biyu zuwa huɗu suke yi a fitsari, amma wanda ya daɗe yana zuƙar wiwi kullum tana iya kai masa wata guda. In an kawo mutum daga kotu sati biyu da suka wuce, fitowarta ba ta nuna a ciki ya sha ba. Kullum ka rubuta ranar da ya shigo.

Akwai kuma ɗaya gefen. A Kano abin da ya fi damun matasanmu har da tiramol da kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tarinsa da shigo da shi a watan Mayun 2018. Kodin yana fitowa a layin danginsa, amma tiramol ba ya fitowa a can, sai da nasa tsinken na daban. Sai ka ba yaro takarda cewa ba shi da komai, alhali yana buƙatar likita ya taimake shi ya rabu da ita.

Yanzu kwantirol. Ɗauki kwalin ka karanta: a ajiye tsakanin digiri 2 zuwa 30. A watan Afrilu garin nan yakan haura 40 a inuwa, balle sito mai rufin kwano ko but ɗin mota. Tsinken da zafi ya dafa ba ya sauya kama, fes za ka gan shi a ledarsa. Hanya ɗaya ce ta sanin lafiyarsa: ka tsoma ɗaya a ruwan da muka san akwai ƙwaya a ciki, ɗaya a wanda muka san babu. Mai sayen hatsi a Dawanau ba ya yarda da sikeli sai ya ɗora abin da ya san nauyinsa. In ɗaya daga cikin biyun ya saɓa, ranar ba gwaji, komai tsawon layin da ke jira. Sabon kwali kuwa ko bai daɗe da isowa ba sai an gwada shi, a rubuta lambarsa da ranar ƙarewarsa.

Wajen karantawa na ga hannunka yana rawa. Wannan ba irin na maleriya ba ne, a juye yake: layi biyu, babu ƙwaya, layin C, wato mai nuna tsinken ya yi aiki, shi kaɗai, akwai zargi. Layi ko ya dushe kamar zare, layi ne. In C bai fito ba, jefar ka sake. Ka karanta a minti biyar da agogo a gabanka. Bayan minti goma abin da ka gani ba sakamako ba ne.

Sa hannun da ya gundure ka kuwa, shi ne shaidar cewa kwalbar nan ta wannan mutumin ce. A gabansa ake raba fitsarin kwalba biyu, a liƙe, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a kan liƙin. Cikin minti huɗu ka duba ɗuminsa, ya kasance tsakanin digiri 32 da 38; in ya yi sanyi ba daga jiki ya fito ba a lokacin. In kiriyatinin, sinadarin da ke nuna kaurin fitsari, ya gaza miligiram 20 a kowane desilita, fitsarin ya tsinke, amma kada ka yi saurin cewa wayo aka yi, don da zafin nan kowa ruwa yake ɗirka. Rubuta a sake karɓa kawai. Duk hannun da kwalbar ta shiga, da suna da lokaci. A firji kwana biyu take yi, in za ta wuce haka sai a daskarar da ita, in kuma wuta ta ɗauke ka rubuta ƙarfe nawa ta tafi, ƙarfe nawa ta dawo.

Wata rana wani babba zai tsaya a kanka ya ce, "Mun san yana sha, rubuta kawai." Ka ba shi girmansa, ka ce masa sai sakamakon kwalba ta biyu ya dawo. In ya matsa, ka turo shi wurina.

Gobe ka zo da wuri. Sabon kwali ya iso, kai za ka yi masa kwantirol, ka cike littafi da hannunka, ni kuma in sa hannu a ƙasan naka.