Shin nono yana karya dafin maganin feshi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Maigidana ɗan ƙwadago ne, yana yi wa masu lambu feshin zogale da tumatir a Jiratawa. Duk ranar da ya yi feshi yakan dawo da ciwon kai da jiri, wani lokaci har yawu ya riƙa cika masa baki, sai ya sha nono ya kwanta, yana cewa nono na kashe dafin. Shin hakan ya wadatar? Daga wata uwargida a Jiratawa, jihar Maradi.

Amsa: Wa alaikumus salam, uwargida. Nono abinci ne mai gina jiki, amma ba ya karya wannan dafi, kuma dogaro da shi yana jinkirta zuwa asibiti. Alamomin da kika zayyana sun yi kama da na magunguna dangin piya-piya, wanda ake rubuta DDVP a jikin kwalbarsa. Waɗannan magunguna suna hana wani sinadarin jiki da ke tsayar da saƙon jijiyoyi yin aikinsa, sai jijiyoyin su yi ta aiki ba hutu, shi ya sa yawu da zufa suke zuba, ƙwayar ido ta tsuke, idan abin ya tsananta numfashi ya sarƙe.

Mafi yawan dafin da ke shiga jikin mai feshi ta fata yake bi. Ki duba bayan rigarsa idan ya dawo: in a jiƙe yake, famfon da yake goyawa yana yoyo, ya wuni ke nan maganin na ratsa shi. Lokacin haɗawa ya fi kowane lokaci hatsari, domin a nan ne mutum yake auna tsantsar magani da murfin kwalba, wani ma har ya dama da hannu tsirara. Mun san zafin bazara a Maradi yakan wuce digiri 40, kuma shi ne hujjar masu tuɓe riga, don haka gara ya yi feshi da sassafe ko da la'asar sakaliya, iska na bayansa, sanye da riga mai dogon hannu, takalmin roba, safar hannu ta roba da takunkumi. Kada ya ci goro ko ya sha taba kafin ya yi wanka da sabulu. Ke ma ki wanke kayan aikinsa daban, nesa da na yara.

Kwamitin maganin ƙwari na CILSS, ƙungiyar yaƙi da fari ta ƙasashen Sahel, shi ne yake ba da izinin sayar da magungunan feshi a Nijar, kuma ya haramta maganin kashe ciyawa mai suna parakwat tun 2011, amma kasuwanninmu ba su rabu da kwalaben da ake tsiyayawa babu takarda ba. Maigidanki ya nemi shawarar malaman gona kafin ya karɓi irin wannan aiki.

Idan ya fara amai, ko numfashi ya yi masa wuya, a tuɓe masa kayan, a wanke shi da ruwa da sabulu, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar, domin da ita likita zai gane ko allurar atrofin, mai karya dafin dangin piya-piya, yake bukata. Kada a sa shi amai da gangan, kada kuma a ɗura masa nono ko manja.