Tambaya da Amsa: Shayin Ganyen Hoton

Tambaya: Malama, yayana ya aiko wa mahaifinmu shayin ganye da furen hoton daga Jamus, wai na zuciya ne. A jikin kwalin an rubuta yana ɗauke da asid. Ba zai ƙone masa ciki ba? Daga wata ƙanwarku a Agege, Legas.

Amsa: Ƙanwata, kwantar da hankalinki, ba irin ruwan batir ba ne. Hoton (hawthorn a Turance) itaciya ce mai ƙaya da ke fitowa a Turai, likitoci na kiranta Crataegus. Asid ɗin ganyenta na tsiro ne: akwai kulorojenik, wanda ke cikin kofi ma, da ursolik, irin na ɓawon tuffa, da oliyanolik da ake samu a zaitun. Kusan kullum muna cin irinsu.

Abin da ya fi damuna shi ne magungunan Baba. Idan yana shan digoxin (wani maganin zuciya) ko maganin hawan jini, ganyen na iya ƙara musu ƙarfi, jiri ya kama shi. Don Allah ki ɗauki kwalin ki nuna wa likitansa kafin ya kurɓa, kuma kada ya ajiye ƙwayoyinsa saboda shayi. Allah ya ƙara masa lafiya.