Amsa: Ma'anonin kalmar "scramble"

Malam, ka ce ka ga "scramble" a labarin jiragen yaƙi, ka kuma gan ta a takardar abinci, har ka rasa gane inda suka haɗu. To, jijiyarta ɗaya ce: gaggawa da hargitsi.

Wata ma'ana da ke yawo sosai ita ce wawaso ko rububi, irin yadda yara ke yi idan aka watsa kuɗi a wajen biki. Daga nan Turawa suka sami "Scramble for Africa", wato wawason da ƙasashen Turai suka yi wa nahiyarmu, wanda taron Berlin na 1884 zuwa 1885 ya shimfiɗa wa ƙa'ida. Wawason nan ne ya kawo sojojin Ingila Kano da Sakkwato a 1903. A ganina babu kalmar da ta fi "wawaso" dacewa a nan, don ta ɗauko har da haɗamar da ke ciki.

Na ƙwai kuwa, wato "scrambled eggs" na takardar abinci, ba wainar mai shayi ba ce da ake juyawa ɗungurungum. Ana ta motsa shi ne a kasko har ya dagargaje.

Idan an ce sojoji sun "scramble" jirage, an tashe su ne cikin gaggawa don tare abokan gaba. Idan kuma talabijin ɗinka ya rubuta "scrambled", an cakuɗe siginar tashar, galibi don kuɗinka ya ƙare. Akwai kuma hawan dutse da rarrafe, hannu da ƙafa, wanda malaman ƙamus suka saba sawa a farko.